Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnonin Jigawa Da Yobe Kan Tsuntsayen Fadamar Haɗejiya Da Nguru

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Gwamnan Jihar Jigawa, Mai girma Gwamnan Jihar Yobe, bayan gaisuwa ta ban girma, ina roƙon Allah ya taya ku riƙo, ya haɗa ku da mashawarta na gari. Ina kuma miƙa gaisuwa ga iyayen ƙasa, Mai martaba Sarkin Haɗejiya, Mai martaba Mai Bade da Mai martaba Sarkin Nguru, domin a ƙasashensu wannan magana take.

Ni tsohon malamin makaranta ne, haifaffen bakin kogi. Na rubuto ne a madadin wasu 'yan tsirarun mutane da muke fita kallon tsuntsaye da ƙirga su a fadamar nan da ta haɗa jihohinku biyu. A cikinmu akwai malamai da ɗalibai, akwai masunta, akwai tsofaffin maharba da suka rataye bindiga. Ba mu da ofis, ba mu da asusu. Mun san abin da za a fara cewa: ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa yake ta tsuntsu? Tambaya ce mai kyau, kuma ita ce dalilin wasiƙar nan. Abin da yake korar tsuntsayen fadama shi ne ya cinye gonar manomi, shi ne ya mayar da komar masunci fanko. Tsuntsu dai ya riga mu gani ne, don shi yana da fiffike, ya tashi ya bar wurin. Talaka kuwa babu inda za shi.

Ranku ya daɗe, wurin nan ba ƙaramin wuri ba ne. Masana sun rubuta tsuntsaye sama da iri 350 a cikinsa. Daga watan Oktoba, da zarar damina ta ja jiki, baƙi kan fara sauka daga Turai da yammacin Asiya: agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa da suka gudo wa sanyin da ke daskarar da tafkunan ƙasashensu. Sun ƙetare Bahar Rum, sun ƙetare Sahara, sai su iske ruwanmu ya shimfiɗu, su zauna tare da dinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi har zuwa Maris ko Afrilu. Saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo tafkin Dagona da ke ƙasar Bade a 1989. A 1991 aka sa yankin Bade da Nguru cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi. A 2000 Tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, a 2008 Dagona da fadamar Baturiya da ke ƙasar Haɗejiya suka bi sahu. A 2020 UNESCO ta sa Haɗejiya, Nguru da Bade cikin keɓaɓɓun wuraren halittu na duniya, a shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dajin Baturiya gandun ƙasa. Duk mun yi murna da waɗannan. Amma wanda ya taka ƙafa ya je ya gani zai ce an naɗa wa majinyaci rawani ne, ba a kai shi asibiti ba.

Babban kukanmu a kan ruwa yake. A da, Kogin Haɗejiya yana da lokacin cika da lokacin ƙafewa. Da damina ya tumbatsa ya malale fadama, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa. Idan ruwa ya fara janyewa, manomi ya bi laimar ƙasa ya shuka wake da masara da kayan lambu, tsuntsayen bakin gaɓa su bi taɓon suna tsintar tsutsa, daga baya makiyayi ya shigo da shanunsa. Ƙasa ɗaya, amma kowa da lokacinsa. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, dukansu a saman kogin can Jihar Kano, sai wannan tsari ya rikice. Ambaliyar damina ta ragu, da rani kuma ana ta sakin ruwa ba yankewa, kogin da ya saba bushewa ya daina. Wannan ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta kafu, ta yi tsayi ta wuce mutum, ta riƙe yashi da laka har hanyoyin ruwa suka toshe. Reshen Kafin Hausa da na Burum Gana suka shaƙe, ruwa ya karkata ya tattaru a Marma da Tafkin Nguru. Shi ya sa za ka ga wani gari a Guri ko Kirikasamma ruwa ya ci gonakinsa shekara da shekaru, wani garin kuma can ƙasa wajen Gashuwa yana jiran ruwan da bai iso ba.

Ga tsuntsaye, kacala ta cinye abu biyu da suke zuwa nema: buɗaɗɗen ruwa da gaɓa mai taɓo. Akwai tafkunan da muka sani inda a da sai ka ga ruwan ya yi baƙi saboda agwagi, yau babu komai sai kore daga nan har iya ganinka. Masunci ba shi da wurin jefa koma, kwalekwale ba shi da hanya, sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya kuwa sun sami masauki.

Kada a yi mana mummunar fahimta. Ba mu ce a rushe madatsa ba. Mutanen birnin Kano suna shan ruwan nan, manoman Kura da Kadawa da Auyo suna ci da shi, 'yan uwanmu ne. Amma tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka zauna suka yi lissafi, suka gano cewa amfanin da ake samu daga ruwan da ya malale fadama, idan aka haɗa noma da su da itace, ya ninka wanda ake samu daga adadin ruwa iri ɗaya a babban aikin noman rani na Kogin Kano. An san wannan fiye da shekara talatin. An kuma kafa asusun kula da kwarin Haɗejiya, Jama'are da Komadugu Yobe a 2006, hedkwatarsa a Damaturu, kuma jihohinku biyu suna cikin masu shi. Abin da ya rage shi ne a aikata abin da aka sani.

Kacala kuma ita ce ɗakin kwanan jan baki. Babu manomin shinkafa ko gero ko alkama da za ka ce masa ya so wannan tsuntsu, mu ma ba za mu ce ba. Na koyar a ajin da rabin yaransa kan ɓace lokacin da shinkafa ta fara nuna, duk suna gona daga asuba zuwa magariba suna kaɗa gwangwani. Wannan asara biyu ce, ta hatsi da ta karatu. Amma maganin da aka fi dogara da shi, wato feshin guba da jirgin sama a wurin kwanansu, yana da ɓarnar da ba a faɗa. Gubar ba ta tantance jan baki da sauran tsuntsayen da suka kwana kusa. Shaho da shirwa da mujiya su ci waɗanda suka faɗi, su ma su mutu, alhali su ne masu rage mana ɓera da gafiya a gona da rumbu. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne, da idonmu mun ga yara suna tsintar matattun tsuntsaye da safe bayan feshi, suna cika buhu. Ina waɗannan za su ƙare in ba a kaskon suya ba? Sannan baɗi jan bakin ya dawo, tunda masaukinsa yana nan.

Sai maganar ungulu, wadda ba ta fadama kaɗai ba ce, ta kowane gari ce a jihohinku. Duk wanda ya kai shekara arba'in ya tashi ya ga ungulu jere a kan rufin mahauta da bakin kasuwa. Hausawa suka ce ungulu ba ta jewar banza, domin inda ta yi jewa akwai mushe, kuma kafin gari ya waye ta share shi. Ruwan cikinta yana kashe ƙwayoyin cutar da da sun yaɗu ga dabbobi da mutane. Yau a tambayi ɗan firamare a Haɗejiya ko Gashuwa ko ya taɓa ganin ungulu da idonsa. Tun 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani a gari cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Ba ƙaura ta yi ba. Kashe ta ake yi, a sa guba a nama a kwashe su da yawa lokaci guda, a kai kawunansu da ƙafafunsu da gashinsu kasuwa, a shimfiɗa a fili ana sayar wa masu tsubbu da masu neman sa'a. Da namu suka yi ƙaranci, sai fatauci ya koma shigo da su daga Nijar da Cadi da sauran maƙwabta.

Akwai ƙasar da ta riga mu shiga wannan hali. A Indiya, a shekarun 1990, wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayensu, domin duk wadda ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar sai ƙodarta ta lalace. Mushe ya taru, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓata. Wani bincike da aka buga a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Indiya ta hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, amma har yau ungulayen ba su koma yadda suke ba, domin ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara. Mu kuma ƙasar dabbobi ce, kasuwannin shanu irin na Maigatari da Potiskum a jihohinku suke.

Gauraka ma, wanda ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, ya kusa ƙarewa a dajinmu. An kama shi an kai gidajen masu hali ya zama ado a tsakar gida. Tsofaffin cikinmu sun ga rawarsa a fadama, matasanmu sai a hoto.

Game da dajin Baturiya da kewayen Dagona, abin da muke gani shi ne gatari da buhunan gawayi. Bagaruwa da kanya da tsamiya da goruba suna faɗuwa, kuma a kansu ne zalɓe da balbela da jinjimi suke sheƙa. Masu gadin da muke haɗuwa da su mutanen kirki ne, amma sun yi kaɗan ga faɗin wurin, kuma mai tafiya a ƙasa ba ya kama mai babur. Mun kuma sha tarar da hatsin da aka jiƙa da maganin ƙwari aka watsa a bakin ruwa don kama agwagi. Wanda ya sayi naman nan a tasha bai san abin da ya ci ba.

Ranku ya daɗe, akwai wani amfanin da ba ya shiga lissafin kasafin kuɗi, kuma shi ne ya fi riƙe mu a wannan aiki. Kallon tsuntsu yana sanyaya zuciya. Mutum ya fito bayan sallar asuba, ya yi tafiyar ƙafa zuwa bakin ruwa, ya zauna ya yi shiru. Dole ya yi shirun, in ba haka ba ba zai ga komai ba. Dole ya ajiye waya, ya tattara hankalinsa wuri guda, ya bambance wannan kuka da wancan, ya jira. A wannan jiran ne tunanin bashi da na kuɗin makaranta da na labaran da ake ji a rediyo suke sassautawa. A cikinmu akwai wani bawan Allah da rikicin Borno ya raba da garinsu, ya rasa 'yan uwa, ya zo ya zauna a wajenmu ba ya barci, ba ya son magana. Wani masunci ne ya fara ɗaukarsa a kwalekwale da sassafe. Sannu a hankali ya fara tambayar sunayen tsuntsaye, yana faɗin yadda ake kiransu a can garinsu. Yau shi ne ya fi kowa ido a cikinmu. Bai daina zuwa asibiti ba, kuma ba mu taɓa cewa tsuntsu zai maye gurbin likita ba, amma shi da bakinsa ya ce safiyar da ya je bakin ruwa, ranar takan zo masa da sauƙi. Masu bincike a King's College ta Landan sun gwada wannan a 2022 da mutum kusan 1,300, suka ga cewa ganin tsuntsu ko jin kukansa yana tare da samun natsuwar da kan ɗauki sa'o'i, har ga masu fama da ciwon damuwa. Jihohinku suna da dubban mutanen da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, likitocin ƙwaƙwalwa kuwa ba su da yawa. Ga wani sauƙi da Allah ya ajiye a bakin ƙofarsu kyauta, ana barinsa yana lalacewa.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne da muka aro daga Turawa. Manomin Hausa ya daɗe yana kallon tsuntsu. Idan shamuwa ta sauka ta fara sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, ya san damina ta ƙarato, ya fara gyaran gona, kuma babu yaron da zai jefe ta ya kwana lafiya a gidansu. Ita kuma ta biya ladan masauki da cin fara. Alƙur'ani mai girma, a Suratul An'am aya ta 38, ya ce dabbobin ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummomi ne irinmu, a Suratul Mulk aya ta 19 kuma aka tambaye mu ko ba mu duba tsuntsayen da ke samanmu ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da ya ga wata tsuntsuwa tana kaɗa fikafikai saboda an ɗauke mata 'ya'ya, sai ya umarci a mayar mata da su.

Don haka ga abin da muke roƙo.

Ku haɗa murya ku biyu, ku zauna da Gwamnan Kano da Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, a fitar da jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Challawa wanda zai bi yanayin kogin na asali: a saki isasshe da damina yadda zai malale fadama ba tare da ya ci gari ba, a kuma bar wasu rassan su bushe na wani lokaci da rani don kacala ta mutu. A sanar da jadawalin a rediyo da Hausa da Kanuri da Bade da Fulatanci, kowa ya san lokacin da ruwa zai zo. Idan maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are ta sake tasowa, ku tuna cewa Kogin Jama'are ne kaɗai ya rage yana kawo mana ambaliyarsa yadda Allah ya tsara, kada a taɓa shi sai an ji ta bakin mutanen ƙasa.

Yashe hanyoyin ruwa ya zama aikin kowace shekara mai kasonsa a kasafin kuɗi, ba sai ambaliya ta yi ɓarna ba. Mutanen ƙauyuka sun daɗe suna yin gayya da lauje da adda suna shiga ruwa har wuya, a tallafa musu da kayan aiki da abin hasafi. A Senegal da Muritaniya ana mayar da kacala gawayi, a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ma an yi gwajin sarrafa ta. Idan matasa suka ga kuɗi a cikinta za su sare ta da kansu, bishiyoyin Baturiya kuma su huta.

Kafin a yi feshin jan baki, a tabbatar da wurin kwanansu, a nisanci buɗaɗɗen ruwa da bishiyoyin da sauran tsuntsaye ke sheƙa, a sanar da masu unguwanni, a tattara matattun a binne. A kuma gwada kamu da raga, yadda ake yi a Cadi, inda jan baki ya zama nama mai tsabta da ake sayarwa a kasuwa.

Ƙasar nan tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tun 1985. A hana shimfiɗa sassan ungulu a kasuwannin jihohinku. Amma kame kaɗai ba zai yi ba. A kira sarakunan fawa da shugabannin masu maganin gargajiya da limamai, a yi magana ta fahimta, domin huɗubar Juma'a ɗaya a kan hakkin dabba za ta kai inda ɗan sanda ba zai kai ba. A nan muke neman iyayenmu sarakuna su sa baki.

A ƙara masu gadi a Dagona da Baturiya, a ɗauke su daga garuruwan da ke kewaye, har da tsofaffin maharba, don babu wanda ya fi su sanin dajin. A ba su babura da kwalekwale, a biya su a kan lokaci.

Na ƙarshe shi ne mafi araha. A sa ziyarar fadama cikin tsarin makarantun sakandaren da ke kusa, a saya wa kowace makaranta madubin hangen nesa ko da guda biyu ne, a buga ɗan littafin tsuntsayen yankin da sunayensu na Hausa da Kanuri da Bade tun tsofaffin da suka san sunayen suna raye. A ɗauki nauyin 'ya'yanmu daga Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da ta Gashuwa su je cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos su ƙaro ilimi, su dawo su riƙe aikin.

A watan Janairu na kowace shekara ake ƙirgar tsuntsayen ruwa a duniya baki ɗaya, kuma fadamarmu tana cikin wuraren da ake ƙirgawa. Muna gayyatarku, ku da kwamishinoninku na muhalli da na ruwa da na noma, ku zo ta wannan Janairun mai zuwa. Ku zo da sassafe, ba tare da jiniya ba, ku shiga kwalekwale daga Nguru ku bi Marma har inda kacala za ta tare ku, ku saurari masunta da manoman da za ku tarar a hanya. Muna kuma roƙon a ba mu amsa a fili kan maganar jadawalin ruwa kafin damina mai zuwa ta faɗi.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba jihohinmu zaman lafiya da damina mai albarka.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
a madadin masu kallon tsuntsaye na fadamar Haɗejiya da Nguru.